Tagar da Na Toshe

Ni na toshe tagar, da hannuna, ba wanda ya sa ni. Kwalin taliya na yaga na cusa a ramin, na bi shi da tsohon bargo, na kafe da ƙusa. Ƴar ƙaramar taga ce can sama kusa da rufi, ko kan akuya ba zai shiga ba. Amma titi take kallo, kuma a ɗarin shekarar nan duk abin da ke kallon titi tsoronsa muke ji.

A bayan unguwar Sersouf muke, a gidan wata tsohuwar Buzuwa da ta baro ƙasar Agadas tun tana budurwa, ta yi aure a Tamanrasset, ta samu takardun ƙasar. Hausa a bakinta kamar tamu, sai dai ta fi mu iya zagi. Hajiya muke ce mata. Ɗaki guda ta ba ni a ƙuryar gida, a tsakar gidan kuma nake dafa wa ƴan ƙasarmu masu aikin gini shinkafa da wake. Na shekara shida a haka kafin ƙanwata, autarmu, ta iso da mijinta daga garinmu na ƙasar Damagaram. Na ba ta shekara goma sha biyar. A bayana ta girma, a hannuna aka yaye ta, don haka ko da ta yi aure ban daina yi mata kallon yarinya ba.

Cikinta ya shiga wata tara aka fara kame. Motoci sukan tsaya a bakin gini ko a mahaɗar hanya, duk baƙon da ba shi da takarda a tura shi ciki, sai bakin iyaka. Mijinta da kwanon siminti a kai aka ɗauke shi. Kwana biyar ba mu ji ɗuriyarsa ba, sannan ya kira daga Assamaka, can bakin iyaka, da wayar wani, muryarsa a dishe saboda tafiyar ƙasa. Bai ja zance ba. Ya ce, "Yaya, ga ta nan a hannunki. Kada ki bari ta leƙa ko ƙofar gida." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni da na durƙusa sau biyar ba wanda zai koya mini haihuwa.

Haka na faɗa, kuma haka nake ji har cikin raina. Uwarmu ungozoma ce, a gabanta na ga yadda ake yanke cibi da yadda ake gasa shi. Sau biyu Hajiya ta yi mini zancen asibiti. Na ce mata an ce har a bakin ƙofarsa ana kame. Ta ce, "Wa ya gani?" Na ce kowa ya sani. Gaskiyar magana ban san mutum ɗaya da aka kama a can ba, kowa dai yana da wanda ya ji a bakin wani. Hajiya ta gyara tabar da ke kuncinta, ta ce in yi yadda na ga dama, ai ba ƴarta ba ce.

Ran wata Asabar da hantsi naƙuda ta taso. Auta ta durƙusa a kan buhu, ta damƙe ƙafar gado, ko tari ba ta yi ba. Kafin azahar yaro ya faɗo, namiji, ya tsala wani kuka da ya cika ɗakin. Duk ungozomar duniya wannan kukan take jira. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Na tsinci kaina da jariri a hannu, jini har gwiwar hannuna, ina kallon bargon taga ina roƙon Allah ya sa ba mota a waje. Kwana biyu kafin nan an shiga wani gida a layin bayanmu an kwashe mata, aka ce kukan yara ne ya tona su.

Na yanke cibi da sabuwar reza, na binne mabiyiya a bayan ɗaki, na ja ƙofa na rufe. Ba wanda ya ga laifina. Dama a al'adarmu ba a fita da jariri sai an yi suna, ga kuma sanyin garin nan mai shiga ƙashi, wanda mu mutanen kudu ba mu taɓa sabawa da shi ba. Hasken da muke da shi ƙwan lantarki ɗaya ne, tsoho, mai haske ja-ja kamar na aci-bal-bal. Ko wankan jego ban yarda a yi shi a tsakar gida ba, don kada tururi ya tashi a gane akwai mai jego. A ɗaki nake ɗora babbar tukunyar shinkafa a kan gas, ruwa ya tafasa, in yi wa Auta wanka safe da yamma da ganyen da ƙanen Hajiya yake kawo mana daga lambunsa na ƙauyen Tit. Ɗakin kullum a turnuƙe da tururi da hayaƙin turare, da ƙyar kake ganin fuskar na kusa da kai.

Mata biyu ko uku ne suka lallaɓo yin barka. Kowacce ta karɓi yaron ta kai shi ƙarƙashin ƙwan nan, ta ce, "Tubarkalla! Balarabe kuka haifo mana?" Ɗaya ta ce ruwan Tamanrasset ne ya wanke shi tun a ciki. Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ce su bar ganin farin nan, su duba kunnensa, kafin arba'in zai koma irin ubansa.

Daga kwana na uku ya rage kuka, a na huɗu ya daina gaba ɗaya. Barci kawai yake yi, ko an juya shi ba ya buɗe ido sai da ƙyar. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na yi ta yi wa Allah godiya, har na ce wa Auta, "Yaron nan ya san inda aka haife shi." Duk inda na zauna sai in yabe shi, in ce ban taɓa ganin jariri mai haƙurinsa ba. Wata maƙwabciya da ɗanta ke kwana yana tsala ihu har ta ce da ma nata ne.

Auta ba ta cewa komai a kansa, kuma haka ya kamata, don ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta wasa da ɗan farinta a gaban manya, ba ta zancensa, ba ta kiran sunansa har ta mutu. Ranar da ta haihu ma, da na wanke shi na shimfiɗe, na ga ta miƙo hannu tana shafa kumatunsa tana murmushi. Na buge hannun, na ce, "Ke, ba ki jin kunya? Ɗan fari ne fa. Don muna ƙasar mutane sai mu zubar da tarbiyya?" Ta janye hannunta, ba ta ƙara ba. In na miƙa mata shi ya sha nono, sai ta juya ta fuskanci bango, ta lulluɓe su duka biyu da zane. In ta gama in ce, "Ya sha?" Ta ce, "Uhm." Ni kuma in ji alfahari, na ce ko a gida iyakar abin da za a yi ke nan.

Ran Alhamis bayan la'asar ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba. Siriri ne, mai kaifi, kamar na ɗan kyanwa da aka taka. Ya banƙare, ƙeyarsa ta koma baya, hannuwansa suka sandare. A daidai lokacin sai na ji mota ta tsaya a bakin gida, injin yana aiki. Ban yi tunanin komai ba, na fizge shi na danna fuskarsa a ƙirjina, na rufe da zane, na riƙe. Ina jin zuciyata tana bugun kansa. Auta ta miƙe zaune tana kallona. Sai da motar ta tashi na sake shi. Ashe tankar mai sayar da ruwa ce.

Na ce belu ne yake damunsa, ɗan naman nan na maƙogwaro da wanzami ke cire wa jarirai. Da a gida ne da tun kwana uku an cire. Amma wanzaminmu a nan ɗaukar bulo yake yi kamar kowa, zabirarsa tana ƙarƙashin katifa, kuma ba ya samun kansa sai ran Juma'a da ake rufe aiki. Na aika masa ya taimaka ya zo da wuri.

Ya iso da hantsi, dattijo mai furfura, farin siminti ya cinye masa tafin hannu. Ya yi sallama, ya leƙo ɗakin, ya ja da baya yana tari.

"Uwar tuwo, a wannan kogon zan ga maƙogwaron jariri? Fito min da shi waje."

"Sarkin aska, bai yi bakwai ba. Ga sanyi."

"To in yanke masa harshe a duhu, ki ce ni na yi? Fito da shi, ko in koma."

Na naɗe yaron ina gunaguni, na fito tsakar gida. Rabona da kallonsa a hasken rana tun da aka haife shi, in ma na taɓa. Wanzami ya zauna a kan turmi, ya ɗora shi a cinya, ya buɗe zanen. Ni ina tsaye a kansa, idona bai gama sabawa da rana ba. Sannan na gani sosai.

Ba fari ba ne. Rawaya ne, tun daga goshi har ciki, har cinya. Wanzami ya danna hancinsa da yatsa ya ɗaga, wurin ya fito rawaya shar. Ya buɗe fatar idonsa, farin idon ya koma kamar gwaiduwar ƙwai. Ya duba dasashi, ya juya tafin ƙafa ya daɗe yana kallo. Duk wannan juyi da ake yi masa yaron bai motsa ba. Sai na ga dattijon ya mayar da askarsa cikin zabira ya ɗaure.

"Ba zan taɓa yaron nan ba. Shawara ce, kuma ta kai tafin ƙafa."

Na ce to ai shawara ba baƙuwa ba ce, a nemo saiwar rawaya a jiƙa. Ya girgiza kai. Ya ce ya ba jarirai jiƙo da hannunsa ba sau ɗaya ba, amma wadda ta kai nan ta wuce jiƙo. "Ki kai shi gidan likita. Yanzu, ba bayan an sauko Juma'a ba."

Ni da bakina ba ya shiru, sai na hau shi da faɗa. Na ce ya san abin da ke kan hanya kuwa? Ya manta yadda aka ɗauke uban yaron? So yake a jefa mai jegon kwana shida a bayan mota a zubar da ita cikin rairayi? Ina faɗa, amma na san ba da shi nake ba. Sai ya ɗaga kai ya kalli bayana. Na waiga. Auta ce a bakin ƙofa, ta dafa bango, tana kallon ɗanta a karo na farko ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ba kuka ba, ba magana ba.

Hayaniyata ce ta fito da Hajiya. Ta karɓi yaron, kallo ɗaya ta yi masa, ta juyo kaina. Zagin da ta yi mini da Hausa da Buzanci ba zan rubuta shi ba, kuma ban rama ko ɗaya ba. Ta ƙwala wa ƙanenta kira, wanda ya kawo kayan lambu kasuwa ya biyo gaishe ta, ta ce ya tayar da mota. Ta shiga ɗakinta ta fito da manyan mayafanta guda biyu, irin waɗanda matan garin ke naɗewa da su tun daga kai har ƙafa, ta jefo mana.

Kafin mu fita ta tsayar da mu a zaure, ta ce, "Ku saurare ni da kyau. Ni zan riƙe shi, a gaba zan zauna. In an tsai da mu, wannan jikana ne. Ku biyu ban san ku ba, a hanya muka taimaka muku. In sun ce ku sauka, ku sauka. Kada wadda ta miƙo hannu, kada wadda ta yi kuka. Ni zan wuce da shi."

Na fahimci abin da take nufi sarai. In aka kama mu, yaro zai kai asibiti, uwarsa kuma za ta kwana a hanyar iyaka, ba wanda ya san ranar da za su sake haɗuwa. Na kalli Auta don in ji ko za ta ƙi. Ta gyaɗa kai kawai, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ban taɓa ganin garin a buɗe kamar ran nan ba. Lokacin masallaci ya gabato, shaguna a rufe, titi fayau, ba taron da mutum zai ɓace a ciki. Motar tsohuwa ce, tana warin albasa, ba ta sauri. Muna baya ni da Auta, hannunta cikin nawa, sanyi ƙalau duk da ruwan zafin da na yi ta zuba mata kwana shida. Duk ramin da muka faɗa sai ta cije leɓe. Ni kuwa kan Hajiya nake kallo, ina jiran in ji ko da ɗan kukan kyanwar nan ne. Jiya-jiya na toshe shi da ƙirjina, yau ina roƙonsa.

A shataletalen da ke gaban kasuwa muka gan su. Motar jandarma a gefe, mutum biyu a tsaye, ɗaya ya ɗaga hannu. Ƙanen Hajiya ya ce, "Bismillahi," ya taka birki. Na nemi addu'a ko ɗaya na rasa, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Wanda ya zo saurayi ne dogo. Ya karɓi takardun direba, ya duba, sannan ya sunkuyo ya leƙo baya. Mayafi ba ya ɓoye komai ga wanda ya san aikinsa. Na ga idonsa ya sauka a kan hannuwana masu tabon ƙunar tukunya, ya koma kan ƙafafun Auta da suka kumbura cikin silifas, ya hau kan gaban mayafinta inda nono ya jiƙe ya yi taswira. Ya gane mu, ba ko shakka. Ya yi tambaya da Larabci, ban ji duka ba amma na ji kalmar takarda. Auta ta matse hannuna har na ji ƙashi ya yi ƙara.

Hajiya ba ta bi tsarin da ta shimfiɗa mana ba. Ba ta ce jikanta ne ba, ba ta ce ba ta san mu ba. Buɗe zanen ta yi, ta tura masa yaron ta taga har kusa da hancinsa, ta ɗaga murya tana magana da sauri kamar mai yi wa ɗanta faɗa. Saurayin ya kalli fuskar jaririn. Ya daɗe yana kallo, ko kuma ni ce na ga daɗewar. Sai ya miƙe, ya mayar wa direba takardunsa, ya bugi rufin motar sau biyu. Muka wuce. Sai da muka yi nisa na ji zanina a jiƙe, ban ma san lokacin da fitsari ya kufce mini ba.

A ƙofar asibiti ba wanda ya tare mu. Mai gadi yana zaune yana shan shayi, ya nuna mana hanya da haɓa. Wannan ƙofar ce na yi wata guda ina jin tsoronta, ina tsoratar da wasu da ita. Wata malamar asibiti ta buɗe zanen, ta ce wani abu da ƙarfi, ta ruga da yaron ciki. Sunan uwa kawai aka tambaya aka rubuta.

Likitar mace ce, ƴar siririya mai tabarau. Hajiya ce ke yi mana tafinta. Ta tambayi ranar haihuwa, na faɗa. Ta tambayi yaushe ya daina kama nono. Na buɗe baki zan ce ai yana sha, sai na ji muryar Auta a gefena.

"Tun ran Talata."

Na juya na kalle ta. Ta ce, "Ba ya ja. Matsa masa nake yi a baki, ya zubo ta gefe."

"Kwana uku? Ina tambayarki kina ce min uhm? Me ya hana ki faɗa?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya, ta yaya zan yi miki zancensa?"

Likitar ta yi bayani, Hajiya ta juya mana shi ba tare da ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Ta ce jinin uwa da na ɗa ne ba su jitu ba, wannan ba laifin kowa ba ne, yana faruwa ko a gidan wa. Amma abin yana nunawa a fata tun kwana na biyu, in da an kalle shi a rana. In an kawo shi a lokacin, aikin kwana biyu ne. Yanzu kuwa ciwon ya fara taɓa kai, za su yi iyakar ƙoƙarinsu, sauran na Allah ne.

Ta gilashi suka bar ni na hango shi. Yana cikin wani akwati, tsirara, an ɗaure masa ido, robar abinci a hanci, wata fitila mai shuɗin haske tana haska shi ta sama. Ya yi ƙanƙanta ƙwarai a wurin. Na tsaya ina ƙirga numfashinsa da ido, in cikinsa ya jinkirta ɗagawa sai nawa numfashin ya tsaya.

Washegari aka yi suna ba jariri ba mai jego. Liman da mutum biyar a tsakar gidan Hajiya, da faranti ɗaya na dabino, uban yana saurare ta waya. Ragon a can gida kakansa ya yanka. Uban ya ce a ba ni wayar, ya ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri, na ji ke kika tsaya." Na ce amin, na miƙa wayar da sauri.

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Kullum sai na naɗe cikin mayafin Hajiya na kai wa Auta kunun kanwa, kullum sai na bi ta shataletalen nan. Tsoron kame bai ragu ba, amma ya samu wanda ya fi shi. Duk safiya in na doshi ɗakin jarirai sai in rage tafiya, ina duban fuskokin malaman tun daga nesa, don in karanta labarin kafin a faɗa mini. A kwana na shida Auta ta tare ni a baranda, ta ce, "Ya kama." Ba ta ce wa ba, ba ta ce me ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ran Juma'a.

Ranar sallama, Auta tana ciki tana haɗa kaya, likitar ta tsayar da ni da Hajiya. Ta ce ya tsira da ransa, amma irin wannan ciwon yakan bar tabo, kuma kunne ya fi taɓawa. Mu sa ido, in ya yi ƴan watanni mu dawo da shi a gwada. Na kama hannun Hajiya na roƙe ta kada ta gaya wa Auta. Na ce yarinyar ta sha wahala, a bar ta ta ji daɗin ɗanta. Hajiya ta harare ni, ta ce har yanzu ban gaji da rufe-rufe ba? Amma ba ta gaya mata ba.

Yaro ya yi ƙiba, ya yi baƙi irin na ubansa, ga dariya. Kowa ya ce an auna arziki. Ni kaɗai nake bin sa da wani ido. In Auta ta shiga wanka sai in lallaɓa bayansa in tafa hannu. Wani lokaci ya juyo, in ji kamar an sauke mini dutse, sai daga baya in tuna inuwata ta faɗa gabansa. In kaɗa cokali a kwano, in yi tari, in kira shi da sunan wasan da na sa masa. Kowane gwaji sai in samo masa uzuri: barci yake ji, hankalinsa na kan yatsunsa, ai yara ba ɗaya ba ne. Zancen komawa wurin likita kuwa kullum sai in ce wata mai zuwa, in kame ya lafa.

Yana wata biyar, wata rana da azahar, murfin babbar tukunyata ya suɓuce mini ya faɗi a kan siminti, taku biyu daga tabarmar da yake kwance. Mutum uku da ke cin abinci suka zabura, ɗaya har ya doshi katanga zai haura. Yaron yana riƙe da babban yatsan ƙafarsa yana ƙoƙarin kai shi baki. Ko ƙiftawa bai yi ba. Na kalli Auta, tana shanya ta ba mu baya, ba ta juyo ba. Na ɗauki murfina na koma bakin murhu.

Sati uku na ƙara ina ɗauke da abin. Sai wata yamma muna tsintar wake mu biyu, yaron yana zaune a tsakaninmu an tokare shi da matashi, ya ba uwarsa baya. Na ce a raina in ban faɗa yau ba, ba zan taɓa faɗa ba.

"Auta, akwai maganar da likitar nan ta yi ranar sallama, na ɓoye miki. Yaron nan..."

"Ba ya ji," in ji ta. Ba ta ɗago daga tiren waken ba. "Na sani, Yaya."

"Tun ranar murfin tukunya?"

"Tun kafin nan. In kin tafi kasuwa nakan rufe ƙofa, in tsaya bayansa in yi ta kiran sa."

"Kiran sa da me?"

"Da sunansa. Na yanka." Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. "Da ƙarfi nake kira. Na yi shiru ne don na san za ki ce ke kika jawo."

Na ce ai ni ce. Ta ce ita ma tana da baki ran Talatar nan. Na ce gobe da safe za mu koma wurin likitar, ko motoci nawa ne a hanya. Ta ce to.

Sai ta ajiye tiren, ta matsa bayan yaron, ta kai bakinta kusa da kunnensa. A gabana, ni da na buge mata hannu, ta kira sunan ɗan farinta, sau ɗaya, a sarari. Shi kuwa ya miƙa hannu cikin tiren, ya damƙo wake yana dariya.